Daga Tuzi Zuwa Saƙi: Sunan Tufa Bayan Mutuwar Masaƙa

A cikin waƙoƙin Anwari, mawaƙin Farisa na ƙarni na 12, akwai wata gajera da ke ba da labarin wani mahaukaci a gefen birnin Rayyi, kusa da inda Tehran take a yau, wanda ke yi wa masu dukiya shaguɓe. Ya lissafa abin da suke sawa da ɗari, wato fatu masu gashi, sannan ya ambaci tufafi biyu na lokacin zafi, kattan da tuzi. Kattan ba ta da wuya, ita ce lilin, yadin da ake saƙawa da zaren da ake sulewa daga jikin karan wata shuka, kusan yadda ake yi wa rama. Tuzi ce ke tsayar da mai karatu. Ɗalibin Iran na yau sai ya leƙa ƙasan shafi kafin ya wuce, don kalmar ta daɗe da barin kasuwa. Abin da ya ƙara dagula ta, a Farisanci akwai wata kalma, tuz, sunan ɓawon wani itace da ake naɗe baka da sirdi da shi, kuma haruffansu ɗaya ne. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka attajiran Rayyi ɓawon itace suke ɗaurawa da bazara.

Asalin kalmar sunan gari ne. Tawwaz, wanda Larabawa ke kira Tawwaj, yana lardin Farisa a kudancin Iran, tsakanin Kazarun da bakin teku, kuma tun zamanin Sayyidina Umar rundunar Musulmi ta yi sansani a cikinsa. Lilin mai laushi da ake saƙawa a can shi ne tawwazi, da baki ya saba sai ya koma tuzi. Amma ko da Muƙaddasi ya rubuta littafinsa na bayanin ƙasashe wajen shekarar 985, ya tarar yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna a Kazarun ake saƙa shi, garin da aka yi wa laƙabi da Dimyaɗ ta Farisawa saboda an kwatanta shi da cibiyar lilin ta Masar. A farkon ƙarni na 12 Ibn Balhi, mai littafin Farsnama, ya ce Tawwaz ta zama kufai, tuzi kuwa tana nan ana saƙa ta a Kazarun. Ya bayyana yadda ake jiƙa karan a kududdufai, a sule zaren, a kaɗa, a wanke shi da ruwan wata magudana mai suna Rahban, wadda ruwanta ke sa shi ya yi fari fat. Ya kuma kawo wani abu da duk ɗan kasuwa zai tsaya ya saurara. A da, in dillalan Kazarun suka ɗaure dila suka buga hatimi, fatake saye suke yi ba tare da sun kwance ba, dilar ta bi hannuwa da yawa daga gari zuwa gari a ɗaure, kowa ya dogara da shaidar dillali. Da algus ya shigo, amana ta ƙare, fataken suka juya baya.

Mawaƙan Farisa sun ɗora wa wannan yadi wani aiki dabam. Akwai tsohon camfi a ƙasashensu cewa hasken farin wata yana cin lilin, ya sa shi ya ruɓe ya yage. Sai suka mai da fuskar masoyiya wata, masoyi kuma ko zuciyarsa ya zama kattan ko tuzi, yana ƙarewa a gaban hasken da yake bege. An yi ƙarnuka ana juya wannan siffa. Wanda ya taɓa riƙe tuzi, ya san rashin nauyinta, ya ga yadda take shan iska kuma take saurin tsufa, baitin zai taɓa shi tun kafin ya yi tunani. Wanda ya tsinci kalmar a ƙamus zai gane abin da ake nufi, amma kamar mai jin labarin ɗanɗanon ɗinya ne daga bakin wani. Ba a san wani ƙyalle a duniya da za a ɗaga a rantse cewa wannan ce tuzin da Anwari ya gani ba. Baitoci sun tsira, bayanin sana'ar ya tsira, tufar ce ta rabu da sunanta.

Dalilin kawo wannan labari ga mai karatu a ƙasar Zazzau shi ne muna tsakiyar irin wannan rabuwa, sai dai mu har yanzu igiyar ba ta gama tsinkewa ba. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa guda ne: sunan tufa ba ya tsira da rubutu kaɗai, sai an ajiye shi tare da ƙyallen da yake nufi, kuma lokacin yin haka shi ne yanzu da ake da sauran masu iya nuna wanne ne wanne. Ɗabi'ar sunaye ma iri ɗaya ce a ko'ina. Rawanin ɗan Kura ya ɗauki sunan garin Kura na ƙasar Kano, riga 'yar Dikwa ta ɗauki na Dikwa ta Borno, alhali a Zariya da Kano ake ɗinka ta. A kasuwar Sabon Gari mace na neman atamfa holan ko ingila ko kwaddibuwa, bayan kuwa ita ingilar an daɗe da mayar da bugunta ƙasar Gana, holan ɗin kuma tana da tagwaye daga Sin. Hatta kazar nan Shika Brown, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, ana kiwonta a garuruwan da masu ita ba su san hanyar Shika ba. Suna na tashi daga gari ya shiga duniya, ya bar garin a baya.

A ɗauki kalmomi kaɗan a gwada su a kan matashin da aka haifa a Samaru. Saƙi tufa ce da aka saƙa da zaren da aka rina da baba ya yi duhu, aka ratsa shi da fari siriri a tsaye da kwance, har idan ka matsa kusa za ka ga ɗige-ɗige kamar gashin zabo, idan ka ja baya kuma ta koma launi guda mai toka-toka. Barage na da ratsin jan alharini a jikinta. Tsamiya a bakin maɗinki zare ne, wanda ake samu daga gidan wasu tsutsotsi da ke cin ganyen bishiyar tsamiya, a dafa gidan da ruwan toka, a shanya, a kaɗa shi da mazari kamar auduga, launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya ƙyalli, amma aikin aska da aka yi da shi sai ya ga bayan rigar. Kore kuwa tarko ce tsantsa. Yaron makaranta ya san kore launin ganye ne, to ina zai san akwai babbar riga mai wannan suna wadda aka rina ta koma baƙa, aka zuba mata shuni aka buge ta a mabuga har tana ɗaukar ido? Wannan ita ce tuz da tuzi tamu. Ko alharini da kowa ke ganin ya sani, a kasuwar ƙarni na 19 ma'anarta ta fi ta yau ƙunci. Kalmar daga harir ta Larabci take, amma abin da fatake ke nufi shi ne ragowar siliki da masaƙun Turai suka tace suka bari, a rina shi ja mai garura, a ɗoro wa raƙuma daga Turabulus ta Gadamas. Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan raƙumi 300 zuwa 400 na wannan siliki ke shigowa a shekara, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a kan wuri miliyan 300. Sharar masana'antar wasu ce ta zama shafin rigar sarakunanmu, kuma wannan tarihin duk yana cikin kalma guda.

Mai musu zai ce ai an riga an rubuta. Ƙamusun Bargery na 1934 na da kalmomi wajen 39,000, na Abraham ya biyo baya a 1949, Jami'ar Bayero ta fitar da nata na Hausa zalla a 2006, kuma sunayen tufafi na ciki birjik. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai Farisawa sun riga mu bin wannan hanya da kusan shekara dubu, mun ga inda ta kai su. Asadi Ɗusi ya tsara Lugati Furs a ƙarni na 11 musamman don fassara baƙin kalmomin mawaƙa. Aka yi Burhani Ƙaɗi'i a Haidarabad ta Indiya a tsakiyar ƙarni na 17, aka yi katafaren ƙamusun Dehkhoda a ƙarni na 20. Duk da haka, sau da yawa in ka nemi sunan wani yadi abin da za ka samu bai wuce a ce wani nau'in tufa ne mai laushi ba, sai baiti guda a matsayin shaida, baitin da shi ne ya kai ka ƙamusun tun farko. A ƙarni na 15 ma an yi wani mawaƙi, Nizam Ƙari, wanda ya cika diwani guda da zancen tufafi zalla, yana kwaikwayon salon Hafiz da Sa'adi cikin raha, kamar yadda Bus'haƙ na Shiraz ya yi da abinci kafinsa. Ba littafin da ya kai nasa tara sunayen yadi. Amma da Mirza Habib Isfahani ya buga shi a Istanbul a 1303 bayan hijira, dole ya haɗa da jerin fassarar kalmomi, kuma har yau masana na ja-in-ja a kan wasunsu. Abin dariyar da kowane tela a Shiraz zai gane nan take ya koma aikin digiri. Ƙamus na iya gaya maka barage na da ratsi. Faɗin ratsin, da nauyin tufar a kafaɗa, da abin da ya raba ta da wata mai kama da ita, wannan sai ido da yatsa.

Haɗarin bai tsaya ga rashin sani ba, don inda sani ya ƙare ƙage ke shiga, kuma ƙagen masana ya fi na jahilai daɗewa. Narshahi, marubucin tarihin Buhara a ƙarni na 10, ya ambaci wani yadi mai suna zandaniji, daga ƙauyen Zandana, wanda ake kaiwa har Iraƙi da Indiya. A 1959 Dorothy Shepherd da W. B. Henning, manyan masana biyu, suka duba wani tsohon siliki mai zanen dabbobi da ke ajiye a wata majami'a a garin Huy na Beljiyam. A bayansa akwai ɗan rubutu da tawada, Henning ya karanta shi a matsayin harshen Sogdi, ya ga kalmar zandaniji a ciki. Daga nan gidajen tarihi suka shiga liƙa wannan suna a kan duk silikin da ya yi kama da shi, littattafai suka kwafa daga littattafai. Boris Marshak ya ja hankali cewa tsofaffin marubuta auduga suke nufi da zandaniji. Daga bisani Nicholas Sims-Williams da Geoffrey Khan suka sake duba rubutun, suka nuna Larabci ne, sunan mai kayan ne da farashinsa da dinari, babu zandaniji ko ɗaya. Kusan shekara 50 ana kiran siliki da sunan auduga. Rigunan ƙasar Hausa da Nufe na nan rataye a gidajen tarihi na Landan da Balin, wasu da sunan da mai tarawa ya ji daga bakin tafinta. Ranar da ba sauran dattijon da zai ce wannan ba kore ba ce, abin da aka rubuta a katin shi ne zai zama gaskiya.

Wani kuma zai ce me ya haɗa Bahaushe da Farisa, kuma rabin kalmomin nan ai aro ne. To, Farisa ta fi kusa da allon makaranta fiye da yadda ake zato. Duk almajirin da ya kai suratul Insan ko Rahman ya furta istabraƙ, sunan tufar 'yan Aljanna, wadda ta zo sau 4 a cikin Alƙur'ani. Malaman lugga irin su Jawaliƙi da Suyuɗi sun sa ta cikin kalmomin da asalinsu Farisanci ne, daga kalmar da ke nufin kauri. Imam Shafi'i bai yarda a ce akwai baƙon harshe a Alƙur'ani ba, Abu Ubaid kuma ya sasanta da cewa asalin na waje ne amma Larabawa sun riga sun mai da su nasu kafin saukar wahayi. Suyuɗin nan dai shi ne wanda ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙa, kuma tafsirin Jalalaini da ya ƙarasa shi ake ja a masallatan Zariya kowane azumi. A can an fassara sundus da dibaji marar kauri, istabraƙ da mai kauri, dibajin kansa kuwa diba ce ta Farisanci, malaminmu kuma ya sauke su duka a kan alharini. Kalma na jingina da kalma har hawa huɗu. Kaftanin da ake sawa zuwa ɗaurin aure ma, a Shahnama ta Firdausi, wadda aka kammala a 1010, haftan rigar yaƙi ce, ko da yake masana na saɓani ko asalinta Farisanci ne ko Turkanci. Aro bai rage wa kalma daraja ba. Shi ne ma rasiɗin da ke nuna da wa kakanninmu suka yi ciniki, ta wace hanya, a wane zamani.

Musu mafi nauyi shi ne na ciki. Masaƙar Kaduna ta farko, da aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, babbar ta UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi, kuma manomin auduga a Giwa da Funtuwa ya koma masara da waken suya. A irin wannan hali, in ji mai musu, wa ke da lokacin tattara sunayen tsummokara? Harshe ma ai rai gare shi, yana zubar da tsohon ganye ya yi sabo. Ba za a musa ba, kuma babu mai cewa a tilasta wa samari su bar shadda su koma saƙi. Amma labarin Kazarun ya nuna suna jari ne. Abin da ya sa ake sayen dila a ɗaure shi ne kowa ya san abin da tuzi ke nufi, da sunan ya daina tabbatar da komai sai kasuwar ta mutu. A dubi Yarabawa. Manyan tufafinsu uku na saƙar hannu, sanyan da etu da alaari, su ne tsamiya da saƙi da alharini namu, alaari ma daga bakin Bahaushe suka karɓe ta. Sun riƙe sunayen a bikin aure da na sarauta, shi ya sa masaƙan Iseyin da Ilorin ke da abin da mai saye zai kira da suna ya biya kuɗinsa. Masu ɗinkin hannu a birnin Zariya, waɗanda ke shafe watanni a kan aska takwas ko malum-malum guda, suna gasa da injin da ke kwaikwayon zanen cikin yini, kuma mai sayen da bai san bambancin zaren tsamiya da na kanti ba, ba dalilin da zai sa ya biya bambancin.

Akwai gyara guda da ya kamata a karɓa daga masu shakka. Sunayen nan ba su taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Abin da Zariya ke kira da wani suna mai yiwuwa Katsina ko Bida na da nasu, dillali kuma ya iya raɗa wa tsohon kaya sabon suna don ya shiga. Wanda ya liƙa ƙyalle guda a takarda ya ce wannan ce barage har abada, ya ƙirƙiri tasa zandanijin. Maganin haka shi ne a rubuta gari da unguwa da shekara da sana'ar wanda ya ba da sunan, in masu sani uku sun saɓa a rubuta saɓanin duka uku, kada a zaɓar musu.

Abin mamaki shi ne babu wurin da ya fi tsakanin Samaru da Shika kayan yin wannan aiki. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, auduga na kan gaba, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta saba da ajiye kowane iri da sunansa da lambarsa, shi ya sa in an ce Samcot 8 ba a gardamar wace auduga ake nufi. An yi wa angurya gatan da ba a yi wa tufar da ta fito daga gare ta ba. A harabar jami'ar akwai sashen da ke koyar da zane da saƙa, da na kimiyyar zare, da Sashen Harsuna da Al'adun Afirka, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. A nan David Heathcote ya kammala digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausa a 1979. A cikin birni akwai ƙungiyar mata masu ɗinki mai sunan Sarauniya Amina, da aka kafa a 1994. Hanyar aikin ma an taɓa gwada ta a nan kusa. A Giwa, gaba kaɗan da Shika, Mary Smith ta zauna da tsohuwa Baba ta Karo daga ƙarshen 1949, tana rubuta abin da take faɗa, ciki har da zancen kaɗi da zannuwan aure. Baba ta rasu a 1951. Da an jinkirta da shekara biyu, da babu littafin.

Aikin ba ya bukatar bashin Bankin Duniya. Ɗalibin Hausa guda da ɗalibin saƙa guda, da waya mai ɗaukar hoto da murya, da fayil mai aljihun leda, sun isa su fara da unguwa ɗaya a birni: ƙyalle ko hoton kusa, sunansa da boko da ajami, muryar mai faɗa, adadin zaren da ke cikin kamu, da baiti ko kirarin da kalmar ta fito in akwai. Shugabannin sassan nan su mai da shi aikin kammala digiri na haɗin gwiwa, fadar Zazzau kuma ta ba da izini a ɗauki hoton abin da ke cikin taskarta. Kai kuma mai karatu, in akwai adakar kaka a gidanku, ko tsohuwar rigar da ba a fitarwa sai da salla, ka ɗauko ta yau ka kai gaban wanda ya fi kowa shekaru a gidan, ka tambayi sunan tufar da na ɗinkin da na zaren, ka rubuta a takarda da kwanan wata, ka soke ta da allura a cikin aljihun rigar.